Dragon Ball FighterZ: tambayoyin da ake yawan yi mani da amsoshinsu

Tunda na fara maganar gem ɗin nan mutane suke ta turo tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne, wani yace yanada wahala ne, wani yace su waye zan ɗauka, wani kuma yace ai ya tsufa. Shine nace bari in haɗa su guri ɗaya in amsa daki daki gwargwadon abinda na sani bayan shekarun da na kwashe ina buga shi.

Wai shi FighterZ ɗin nan wane irin gem ne, su waye suka yi shi?

Gem ne na faɗa da aka gina akan labarin Dragon Ball, wato labarin su Goku da Vegeta wanda marigayi Akira Toriyama ya fara zanawa a mujallar Weekly Shonen Jump ta ƙasar Japan tun 1984. Kamfanin Arc System Works ne ya haɗa shi, Bandai Namco suka fitar dashi kasuwa a watan Janairun 2018 akan PS4 da Xbox One da kwamfuta, daga baya cikin Satumba na shekarar ya shigo Nintendo Switch. Faɗan gefe da gefe ake yi, kai a hagu abokin karawarka a dama, ba irin wanda zaka dinga zagaye fili kana shawagi ba. Kowa zai ɗauki jarumai 3, wanda ya fara kashe ukun ɗan uwansa shi yaci. Babu zancen zagaye na ɗaya na biyu, da zarar an fara sai an gama.

Me yasa idan ka kalle shi sai kace katun ɗin kake kallo?

Wannan shine abinda ya fara jawo ni wallahi. Ranar da na fara ganin bidiyonsa na ɗauka wani sabon fim ɗin Dragon Ball ne, sai da naga sandar jini a sama sannan na gane gem ne. Sirrin shine jaruman a zahiri 3D ne, da injin Unreal Engine 4 aka gina su, amma masu aikin sun ƙi barin kwamfuta ta dinga cike motsi tsakanin hoto da hoto yadda ta saba. Da hannu suke saita kowane tsayuwa, inuwar fuska da ta jiki ma su suke zaɓar inda zata faɗi, har hannu ko ƙafa suna ƙara masa girma idan naushi ya taho wajen kyamara, kamar dai yadda mai zane zai yi a takarda. Sun riga sun gwada wannan dabarar a Guilty Gear Xrd kafin nan, to da suka zo kan Dragon Ball hannunsu ya riga ya faɗa.

Sannan kusan duk wani duka da jarumi zai kai, idan ka bincika zaka samu daga wani shafi na littafin ko wani sin na katun ɗin aka ɗauko shi. Tsayuwar Cell, yadda Frieza yake naɗe hannu yana wutsil wutsil da wutsiya, ihun Vegeta in zai saki Final Flash, duk basu ƙirƙira ba. Muryoyin ma na asali ne, zaka iya saka Japananci kaji Masako Nozawa wadda ita take yin muryar Goku da Gohan tun fil azal, ko ka mayar Turanci.

Ni ban taɓa buga gem ɗin faɗa ba, zan iya kuwa?

Zaka iya, kuma daga ranar farko zakaji daɗinsa. Madannan duka guda 4 ne, mara nauyi, matsakaici, mai nauyi, sai na harba ki, wato ƙwallon wutar nan da suke jefawa. Sai wasu biyu na kiran abokan tafiyarka. Idan ka dinga danna mara nauyi kawai a jere jarumin zai haɗa maka kwambo, wato jerin duka mara yankewa, da kansa har ya ɗaga mutum sama ya dawo dashi ƙasa, idan matsakaici ka jera zai ƙarasa da babban duka in kanada ki. Manyan dukan kuma kusan duk kwatan da'ira ne, ƙasa zuwa gaba ko ƙasa zuwa baya sai ka danna, babu irin murɗe murɗen yatsa da ake fama dashi a wasu gem ɗin faɗa.

Amma fa kar in rufe ka, shiga ne yake da sauƙi. Ƙwarewa wani abu ne daban. Ranar da ka haɗu da wanda ya iya zaka ga kwambo ɗaya ya cinye maka rabin jini ko fiye, ka tashi ya sake rufe ka a lungu da taimakon abokansa kana tsugunne kana tarewa baka san ta sama zai zo ko ta ƙasa ba. A nan ne mutane da yawa suke ajiye hannun gem suce ba adalci. Adalci akwai, kawai dai abinda kwambon atomatik baya koya maka shine tsaro, kuma tsaro shine rabin wasan.

To menene Super Dash, naji ana ta faɗa a kansa?

Madanni ɗaya ne da zai sa jaruminka ya tashi ya bi abokin faɗa duk inda yake a allo, yana ratsa ƙananan ƙwallayen ki akan hanya. Sabon shiga yana matuƙar son sa don yana kai ka inda kake so ba wahala. Nima sati na farko da shi na rayu, ina ta cin na'ura ina jin na iya. Sai na shiga onlayin na haɗu da wani mai Cell da baya ko motsi, yana tsugunne a gurinsa, duk lokacin da na taso sai ya danna ƙasa da mai nauyi ya cafke ni a iska, ya bini sama ya yi mani kwambo. Sau biyar a wasa ɗaya. A ranar na fahimci an saka wannan dukan ne musamman don maganin mai tahowa ta sama, kuma a ranar ne na fara koyon gem ɗin da gaske. Super Dash ba laifi bane, amma ka yi shi lokacin da hankalin mutum yake wani guri ko ka rufa masa baya da abokin tafiya, kar ya zama shine gaisuwarka kullum.

Sauran dabarun fa, Vanish da Dragon Rush da Reflect?

Vanish shine ka ɓace ka ɓullo ta bayan mutum ka doke shi, yana cin sandar ki ɗaya, ana amfani dashi wajen tsawaita kwambo ko kama wanda ya tsaya nesa yana harbi. Sandar ki, wato ma'aunin ƙarfin da kake tarawa, tana taruwa har 7, zaka iya tsayawa ka tara da ihu irin na katun amma gaskiya a gaban wanda ya iya ba'a cika yi ba don kafin ka gama ya iso. Dragon Rush kuma shine madadin kamu a wannan gem ɗin, ba'a tare shi, sai dai in ka gani da wuri ka danna ku yi musayar naushi ku rabu, kuma da shi zaka iya korar jarumin da yake fili ka tilasta wani daga cikin na bayansa ya shigo. Reflect baya da madannin ki ne, yana ture duka ya baka numfashi, amma in ka yi shi a banza mutum ya jira ka to ka buɗe ƙofa da kanka.

Yaya tsarin mutum uku yake aiki, kawai in ɗauki waɗanda nafi so?

Anan daɗin gem ɗin yake, kuma anan nake so sabbi su daɗe. Biyun da suke waje ba zaman jira suke ba. Zaka iya kiran kowanne ya shigo ya kai duka ɗaya ya fita, zaka iya musanya su, zaka iya haɗa manyan dukansu a jere su ukun su ƙarasa mutum. Idan aka doke ka wani ɓangare na jinin da ka rasa yana zama shuɗi, in ka fitar da jarumin ya huta a waje wannan shuɗin yana dawowa a hankali, don haka sanin lokacin da zaka janye wanda ya jigata shima ilimi ne. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, duk ƙarfin jarumi in babu mai rufa masa baya zai sha wuya wajen buɗe wanda ya iya tarewa.

Masu wasa sun raba guraben uku. Na gaba shine mai fara faɗa, ana so ya zama mai tara ki kuma mai cin moriyar taimako. Na tsakiya yawanci mai taimako mai kyau ne. Na ƙarshe kuma wanda zai iya tsayawa shi kaɗai in an kashe sauran. Vegeta mai gashin zinare ya yi suna tun farko saboda ruwan ƙwallayen da yake saukarwa idan ka kira shi, suna riƙe mutum a guri ɗaya ka samu damar shiga. Goku kuma Kamehameha ɗinsa tana share fili daga wannan gefen zuwa wancan. Tun 2020 da aka shiga zango na 3 aka bawa kowane jarumi taimako kala uku ka zaɓa, wannan yasa haɗa tim ya ƙara sauƙi sosai, kusan duk ukun da kake so zaka iya samun yadda zasu zauna tare.

Shawarata ga mai farawa, ɗauki biyu da kake ƙauna a katun ɗin, na ukun ya zama mai harbi mai tsawo kamar Goku, sannan ka zauna akansu wata guda baka canza ba. Yawan canje canje shine yake hana hannu sabawa.

Jarumai nawa ne, kuma ba duk Goku bane?

Da 24 aka fara, ƙari da aka dinga saki ana saya daban ya kai su sama da 40. Ƙorafin Goku yayi yawa gaskiya ne, akwai mai baƙin gashi, mai zinare, mai shuɗi, ƙaramin na GT, Ultra Instinct, ga Goku Black, ga Vegito da Gogeta da suke rabinsa. Ni ma da zan so a ce an bawa wasu tsofaffin fuskoki gurbi. Sai dai a hannu ba ɗaya suke ba. Kuma in ka fita daga gidan Goku akwai masu salon da ba ka zata ba, Ginyu yana kiran yaransa ɗaya bayan ɗaya har ya iya musanya jiki da kai ya bar maka nasa mai rauni, Nappa yana shuka Saibaman a ƙasa su tsiro su taya shi, Krillin yana jefa ƙwayar senzu mai dawo da jini, Android 16 yana rungumar mutum ya tarwatsa kansa, Piccolo yana kewaye ka da ƙwallaye ta ko'ina, Master Roshi ma bashida Super Dash irin na kowa saboda shi ba mai tashi sama bane a labarin. Wannan kula da halin kowa ita ce take burge ni.

Sparking Blast yaushe ya kamata in yi amfani dashi?

Sau ɗaya kake dashi a wasa. In ka kunna jikinka zai ɗau jan haske, dukanka ya ƙara ƙarfi, shuɗin jininka ya dinga dawowa kana fili, kuma yana daɗewa gwargwadon ƙarancin mutanen da suka rage maka. Shi yasa da yawa suke ajiye shi sai saura mutum ɗaya. Amma wani lokacin gara ka kashe shi da wuri ka ceci jarumin da tim ɗinka ya dogara dashi, ko ka ƙarasa wani mai hatsari na abokin faɗa, don uku da biyu ba ƙaramar tazara bace. Abinda yafi ciwo shine a kashe ka gaba ɗaya yana nan baka taɓa shi ba.

Da gaske ana kiran Shenron a tsakiyar faɗa?

Da gaske. Ƙwallayen dragon guda 7 suna taruwa ta hanyar kwambo kuma na ku biyun ne, ba na mutum ɗaya ba. In sun cika, wanda yake da sandar ki 7 ya kammala kwambon mara nauyi shi Shenron, wato dragon ɗin nan mai cika buri, zai fitowa, sama tayi baƙi, ya baka zaɓi huɗu, cika jini, tada wanda ya mutu, ƙarin Sparking, ko jininka ya dinga dawowa da kansa. A gasa ba'a cika ganinsa ba, amma tsakanin abokai in ya fito ɗaki ya kaure kenan.

Menene Dramatic Finish?

Idan ka haɗa jarumai biyu da suka taɓa karawa a labarin, a filin da ya dace, ka ƙarasa da duka mai nauyi, gem ɗin zai sake nuna maka yadda faɗan ya ƙare a katun. Goku da Frieza a duniyar Namek tana rugujewa, Yamcha da Saibaman ɗin Nappa, da sauransu. Wanda ya tsaya mani a rai shine na Gohan da Cell. Ban ma san zai fito ba, kawai na kai dukan ƙarshe sai allon ya canza, ga yaron nan da hannu ɗaya ɗayan ya mutu a gefe, ga inuwar mahaifinsa a bayansa yana ce masa ya saki, ni da wanda muke bugawa muka yi shiru har ya ƙare, babu wanda ya danna komai. Mun kalli wannan sin ɗin muna yara, yanzu kuma hannuna ne ya kawo shi.

Akwai labari a ciki ko faɗa ne zalla?

Akwai, kashi uku, kuma an ƙirƙiri sabuwar jaruma dominsa, Android 21, wadda Toriyama da kansa ya zana. Labarin ya shafi dawowar rundunar Red Ribbon da wasu kwafin jaruman da suka cika duniya. Maganar gaskiya faɗan da kwafin nan yana maimaita kansa har ya gundure ka, abinda yake riƙe mutum shine hirarrakin da suke yi kafin faɗa, irin Gotenks da Ginyu suna gasar tsayuwa ko Cell yana tsokanar Gohan. Ka buga sau ɗaya don su, sauran lokacinka ka kai ɗakin atisaye.

Onlayin ɗin fa, yana jan ƙafa?

Shekarun farko wannan shine babban kukan mutane, don tsohon tsarin yana jinkirta danninka ne har saƙon ɗayan ya iso, in netwok ya yi rauni sai kaji kamar cikin ruwa kake faɗa, kuma gem ne da yake tafiya hoto 60 a sakan, jinkirin hoto biyar ma yana lalata kwambo. A ƙarshen Fabrairun 2024 aka kawo tsarin rollback tare da fitowarsa a PS5 da Xbox Series, kwamfuta ma ta samu. Shi wannan yana hasashen abinda ɗayan zai danna ne ya cigaba, in ya yi kuskure ya gyara cikin ƙiftawar ido. PS4 da Xbox One da Switch basu samu ba. Sannan babu haɗa na'urori daban daban, mai PlayStation da mai kwamfuta basa haɗuwa. In da hali ka jona waya daga rawuta kai tsaye, waifai yana yawan tsinkewa ko da kana ganin sandunansa a cike.

Ana gasarsa da gaske?

Sosai ma. A Evo ta 2018 a Las Vegas ta Amurka, wadda ita ce babbar gasar gem ɗin faɗa ta duniya, FighterZ ne yafi kowane gem yawan masu shiga. A wasan ƙarshe SonicFox na Amurka ya haɗu da GO1 na Japan, GO1 ya taso daga ɓangaren waɗanda suka faɗi ya cinye jerin wasannin farko kaf, sai SonicFox ya nemi a canza wajen zama, aka ɗan tsaya aka jefa kwabo, aka canza, daga nan ya dawo ya ɗauki kofin. Har yau ana musu akan wannan tsayawar. Shekara ta zagayo 2019 suka sake haɗuwa a ƙarshe GO1 ya rama, ya fashe da kuka a kan dandamali. In kanaso kaga menene tsaro, nemi wasannin GO1 ka kalli yadda yake tare abinda ido ma baya gani. Kuma in Cell ya fito yana ihunsa na buɗe wasa, dubban mutanen da suke zauren tare suke yi dashi. A shekarar 2018 ɗin dai FighterZ ne ya ci kyautar gem ɗin faɗa mafi kyau a The Game Awards, zuwa 2023 kuma an sayar da sama da miliyan 10.

Tsakaninsa da Sparking Zero ko Xenoverse 2 wanne zan ɗauka?

Ba abu ɗaya suke nema ba. Sparking Zero da ya fito Oktoban 2024 fili ne buɗaɗɗe, jarumai sama da 180, kana tashi kana fasa duwatsu, kuma da gangan ba'a daidaita ƙarfi ba, mai ƙarfi a labari shine mai ƙarfi a hannu. Xenoverse 2 na 2016 kuma kai zaka ƙirƙiri naka jarumin ka dinga ɗaga lebul. FighterZ shi an yi shi ne don mutum biyu su gwada kai da hannu, Yamcha zai iya kada Beerus in mai riƙe dashi ya fi iyawa. In wasan biki kake so da tarin jarumai ɗauki na farkon, in kanaso abinda zaka shekara kana ganin kanka kana ƙaruwa to wannan ne.

Dole sai na sayi sandar arked, wato faffaɗan abin bugawa mai sanda da manyan madannai?

A'a. Hannun gem na yau da kullum ya isa, an ma tsara madannan ne da shi a rai, kuma manyan ƴan wasa da yawa da shi suke gasa.

Yara zasu iya bugawa?

An sa masa alamar ƴan shekara 13 zuwa sama a Amurka, 12 a Turai. Faɗan na katun ne, ba yanka ko jini malala, sai dai akwai ƴan kalamai da barkwancin Master Roshi da iyaye zasu so su sani tukunna.

Yanzu in na fara ban makara ba?

Baka makara ba, amma ka sani waɗanda suka rage onlayin da yawansu tsofaffin hannu ne, zaka sha kashi a farko, kar ka auna kanka da su. Matakin farko a wasan matsayi sunansa Saibaman, na ƙoli Zen-Oh, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Abinda nake bawa duk wanda ya tambaye ni shine, shiga ɗakin atisaye ka saita na'ura ta dinga yi maka Super Dash, kai kuma ka dinga kama ta da ƙasa da mai nauyi har sai hannunka yana yi kafin ka yi tunani. Bayan nan kwambo ɗaya tak na tsakiyar fili da ɗaya na lungu ga kowanne cikin ukunka, kar ka kwaso dogayen nan na bidiyo tukunna. Sai ka samu mutum ɗaya da kuke kusa a iyawa ku dinga yin wasa goma goma, in kun gama ka buɗe maimaicin wanda aka cinye ka ka duba a ina aka fara buɗe ka, yawanci zaka samu guri ɗaya ne yake ta dawowa.